Kafin 'yan kwana-kwana su ƙetare gada

Duk wanda ke zaune a nan unguwar Lazare ta birnin Yamai, kuma ya saba fitowa bayan sallar asuba, ya san wasu mutane da ke tsayuwa bakin titi suna jiran taksi ko ɗan kabu-kabu tun gari bai gama wayewa ba. Akwai mai shara, akwai mai dafa abinci, akwai direba, akwai palanto mai kai takardu ofis-ofis. Da yawansu hanyarsu ɗaya ce: su gangara cikin gari, su hau gadar Kennedy, su sauka Haro Banda inda Jami'ar Abdu Mumuni take. A daidai lokacin da suke fita, masu gadin da suka kwana can suna kan hanyar dawowa, ido ja wur saboda rashin barci. Mu da karatunmu ya tsaya a bak, ba mu taɓa zama ajin jami'a ba, don haka ba za mu tsoma baki cikin yadda ake koyarwa ba. Amma waɗannan bayin Allah maƙwabtanmu ne, da su muke sallah, da su muke zaman fada, kuma a kansu muke son yin magana yau.

Mu mutanen Lazare muna da dalilin da ya sa maganar agajin gaggawa ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Sunan unguwar kansa kalma ce ta Faransanci da ke nufin wurin da ake killace masu cuta mai yaɗuwa. A lokacin babban farin 1973 zuwa 1974, nan aka kafa sansanin da ya tara dubban mutanen da yunwa ta koro daga arewa, yawancinsu makiyaya da suka rasa dabbobinsu. Haka kuma a 2015, da sanƙarau ya afka wa Yamai, cibiyar jinya ta Lazare ce aka dinga kwararo marasa lafiya a cikinta dare da rana, inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta taimaka wa ma'aikatar kiwon lafiya. Tsofaffinmu sun ga na farko, mu kuma mun ga na biyu da idonmu. Abin da muka koya a nan shi ne, in masifa ta zo, wanda ke kusa shi ke fara ceto, kuma sau da yawa ba shi ne babban ma'aikaci ba.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon soja, da ke gadin dare a wata makarantar gaba da sakandare mai ɗakunan kwanan ɗalibai. Ba za mu ambaci sunansa ko na makarantar ba. Wata rana muna shan shayi, bayan mun gama wani shiri a rediyo kan gobarar lokacin ɗari, sai muka ce masa: “Baba, yanzu in Allah ya kawo tsautsayi wuta ta tashi a ɗakin kwanan yara da ƙarfe biyun dare, me za ku fara yi?” Sai ya yi shiru, ya kurɓi shayinsa, ya ce: “Ɗana, zan kira shugabana.” Muka ce in wayarsa a kashe take fa? Ya ce to zai kira na sama da shi. Muka tambaye shi ƙofar baya, wadda ake cewa ta gudun tsira ce. Ya ce tun da aka yi wata sata aka sa mata sarƙa da kwaɗo, kuma makullin na wurin mai kula da kaya, wanda ke tashi aiki da la'asar ya tafi gidansa a wata unguwa mai nisa. Jar kwalbar kashe wuta kuwa, ya ce yana ganinta rataye a bango shekara da shekaru, yana ma share mata ƙura, amma ba a taɓa nuna masa yadda ake cire mata ƙusa ba. Wannan mutum fa ya taɓa riƙe bindiga, ba matsoraci ba ne, kuma yana ƙaunar yaran nan kamar jikokinsa. Abin da aka ba shi na aiki shi ne tocila da sanda da kujera.

Tun daga ranar muke juya maganar a zuci. Ra'ayinmu dai shi ne: duk wani shirin ko-ta-kwana da za a yi a jami'o'inmu, in bai fara daga kan mai gadi da mai dafa abinci da mai shara da direba da mai kula da ɗakunan kwana ba, to takarda ce kawai da za a ajiye a durowa. Shugaban jami'a da shugabannin tsangayoyi da manyan malamai suna gidajensu da dare, kuma ba laifi ba ne, haka aikinsu yake. Waɗanda ke wurin a lokacin da hayaƙi ya fara fita ta taga, ko ɗalibi ya yanke jiki ya faɗi, ko ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, su ne ƙananan ma'aikatan nan da ko sunansu ba a cika sani ba.

A duba yadda jami'ar Yamai take zaune. An kafa ta a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, sannan a 1992 aka sa mata sunan Farfesa Abdu Mumuni Diyofo, masanin nan na hasken rana da ya rasu a 1991. Tana hannun dama na kogin Isa, alhali yawancin birnin, da manyan ofisoshi da babban asibitin ƙasa, suna hannun hagu. Shekaru arba'in gada ɗaya tak ta haɗa ɓangarorin biyu, wato gadar Kennedy da aka buɗe a 1970. Sai a 2011 aka sami ta biyu, wadda Sin ta gina, sannan ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce a 2021. An sami sauƙi, babu musu. Amma duk wanda ya taɓa maƙalewa a kan gadar Kennedy da ƙarfe bakwai da rabi na safe, tsakanin taksi da babura da amalanke da raƙuma masu ɗauke da itace, ya san cewa jiniya ba ta buɗe hanyar da babu ita. Gaskiya ne asibitin Lamorde, wanda yanzu ake kira Amiru Bubakar Diyallo, yana nan daf da jami'a, kuma wannan babbar sa'a ce. To amma asibiti ba ya tashi ya zo ɗakin kwana, sai an sami wanda ya gane abin da ke faruwa, ya san abin yi, ya ɗauki mara lafiya ya kai shi da ransa.

Likitoci sun ce mutumin da numfashinsa ya tsaya, ƙwaƙwalwarsa kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6. Masu kashe gobara kuma sun ce wutar da za a iya kashewa da kwalba ɗaya a minti na farko, bayan 'yan mintoci sai da mota. Ko da an kira lamba 18 ko lamba 15 nan take, ko da motar ta tashi nan take, akwai wannan ɗan tsakani da ba kowa a wurin sai wanda Allah ya sa yana bakin aiki. Wannan ɗan tsakanin shi ne abin da muke magana a kai.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Ranar 13 ga Afrilu 2021, wuta ta tashi a makarantar unguwar Pays-Bas a nan Yamai, ta cinye azuzuwan zana, yara 20 suka rasu a ranar, yawancinsu 'yan rainon da ba su ma shiga aji ɗaya ba. Abin da ya fi tsaya mana a rai cikin bayanan da aka yi a lokacin shi ne, wutar ta fara ne daga wajen ƙofar shiga, kuma babu wata ƙofar fita, sai da manyan yara suka dinga haura katanga. Ba a cika wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba 2021, irin wannan ta sake faruwa a Maraɗi, yara sama da 20 suka tafi. Bayan nan gwamnati ta hana sa ƙananan yara cikin azuzuwan zana. An yi kuka, an yi zaman makoki, an yi alkawura. Amma wai shin darasin ya ƙetare zuwa manyan makarantu? Mun ga kamar mutane sun ɗauka matsalar zana ce kawai, cewa wanda ke cikin ginin siminti ya tsira.

Wannan kuskure ne babba. A ranar 24 ga Nuwamba 2003, cikin dare, wuta ta kama wani ɗakin kwanan ɗalibai a Jami'ar Patrice Lumumba da ke birnin Mosko, jami'ar da 'yan Afirka da dama suka yi karatu a cikinta. Gini ne na bulo mai hawa biyar, ba bukka ba. Mutum sama da 40 suka rasa rayukansu, kusan dukkansu baƙin ɗalibai ne daga Asiya da Afirka da Latin Amurka, da yawansu sababbin zuwa da ba su san harshen ƙasar ba, ba su san ginin ba. Wasu hayaƙi ne ya kashe su, wasu kuma sun diro ta taga saboda hanyoyin fita sun toshe. Haka a Kenya a 2001, a makarantar Kyanguli, ɗalibai 67 suka mutu a ɗakin kwana mai ƙofa a kulle da tagogi masu ƙarafa. A duk waɗannan wurare, kwaɗo da ƙarfen taga da aka sa don tsare ɓarawo su suka tsare masu gudun rai.

Yanzu mai karatu ya kawo ɗakunan kwanan ɗalibanmu a ransa. Kowa ya san ɗakin da aka gina don mutum biyu, yau mutum nawa ke kwana a ciki, domin ɗalibi ba ya barin ɗan garinsu ya kwana a waje. Kowa ya san akwai risho, akwai na'urar dafa ruwa, akwai dutsen guga, akwai wayoyin caji a jone a soket ɗaya, akwai katifun soso jere a ƙasa. Soso in ya kama wuta, baƙin hayaƙin da yake fitarwa guba ne, kuma a yawancin gobarar cikin gida hayaƙi ke kashe mutane kafin harshen wuta ya taɓa su. Ga kuma ɗauke wuta da maido ta da ake yi babu sanarwa, inda mutum kan bar abu a jone ya fita ko ya yi barci. Ba muna zargin ɗalibai ba ne, rayuwa ce ta matse su. Muna cewa ne wanda ke kula da irin wannan gini ya kamata ya san inda babban makunnin wutar lantarki yake, ya iya kashe shi cikin duhu, ya san cewa ba a watsa ruwa a wutar lantarki, ya san cewa cikin hayaƙi rarrafe ake yi domin iska mai kyau tana ƙasa.

Haka matan da ke dafa abincin dubban ɗalibai a gidan cin abinci. Suna aiki da manyan tukwane da tafasasshen mai da kwalaben gas. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zube ƙasa yake kwanciya, kuma wanda ya shigo ya ji wari ya kunna fitila don ya duba, shi ne ya tada bam. Mai in ya kama wuta a tukunya, rufe shi ake yi da murfi, wanda ya zuba ruwa kuwa ya watsa wutar a fuskarsa da ta na kusa da shi. Ƙuna kuma ruwan sanyi ake sakar mata na tsawon kamar minti 20. A shirinmu na rediyo mun sha jin masu saurare suna cewa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko gishiri suke shafawa, kuma masu faɗin haka ba jahilai ba ne, abin da suka gada ke nan ba a kuma taɓa gaya musu wani ba. Ɗakunan gwaje-gwaje na tsangayar kimiyya da ta aikin gona da ta likita ma haka: malami ya san abin da ke cikin kowace kwalba, amma mai sharar da ke shiga da asuba ita kaɗai fa?

Sai maganar kogi, wadda ita ce ta fi ba mu mamaki, domin ruwa ba ya zuwa ba sallama. Kogin Isa na cika sau biyu a shekara a Yamai. Akwai jan ruwa na damina, cikin Agusta da Satumba, wanda rassan kogi irin su Sirba da Dargol da Goruwol ke kawowa daga wajen Burkina Faso, sannan akwai ruwan Gini da ke isowa lokacin ɗari. Na farkon shi ne mai ɓarna. Hukumar kula da kogin, wato ABN, wadda hedikwatarta ke nan Yamai, tana da ma'auni: in ruwa ya kai santimita 620, an shiga jan gargaɗi. A 2012 ruwan ya yi ɓarnar da ta sa aka kwashe mutane zuwa Seno. A farkon Satumba 2020 kuwa ya kai kusan mita 7, abin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, madatsar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya malale unguwannin da ke maƙwabtaka da jami'a, irin su Lamorde da Karaje da Zarmagande. A 2024 ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a faɗin ƙasa, har aka ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, domin azuzuwa da yawa sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe.

Abin lura a nan, cibiyar AGRHYMET, wadda ke nazarin ruwa da yanayi don ƙasashen Sahel tun 1974, maƙwabciyar jami'a ce, kuma a cikin jami'ar kanta akwai malaman da suka ƙare rayuwarsu kan nazarin wannan kogi. Ilimi dai ga shi nan jibge a wuri ɗaya. Tambayarmu ita ce, ta wace hanya yake gangarowa daga ofishin farfesa zuwa kujerar mai gadi? In ruwa ya kai 580, wa zai ba da umarni a ɗauke littattafai da kwamfutoci da takardun sakamakon ɗalibai daga ƙasa zuwa bene? In ya kai 620, motocin bas na ɗalibai ina za a ajiye su, da mai a cikinsu, kuma direbobin sun san su waye za a kira? Ɗalibi mai keken guragu ko makaho, wa aka ɗora wa alhakin fitar da shi? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ambaliya tafiya ce da ake sanin ranarta tun da sauran kwanaki.

Na sanƙarau ba za mu daɗe a kai ba, domin duk wanda ya ga 2015 bai manta ba. Mutum sama da 8,000 suka kamu a ƙasar, sama da 500 suka rasu, har aka rufe makarantun Yamai na wasu kwanaki cikin Afrilu. Cuta ce mai son cunkoso da zafi da ƙura, mai son matasa, kuma tana iya kashewa cikin kwana ɗaya. Mai kula da ɗakunan kwana da ya san cewa zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin a sha parasetamol a jira safiya ba ne, ya fi motar asibiti goma da ba a kira ba. Haka wanda ya san cewa mai farfaɗiya ba a cusa masa cokali a baki, ba a danne shi, kawar masa da abin da zai ji masa rauni ake yi, in ya lafa a kwantar da shi ta gefe.

Akwai kuma wata magana da ba a son taɓawa, amma dole ne. Tsakanin ɗaliban wannan jami'a da masu kaki akwai tsohon tabo. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, a kan wannan gada ta Kennedy, aka harbe ɗalibai uku, kuma har gobe ana tunawa da ranar duk shekara. Ranar 10 ga Afrilu 2017, ɗalibi Malah Bagale ya rasu a cikin wata tarzoma, aka rufe harabar jami'a, aka fitar da ɗalibai daga ɗakunansu. Saboda irin wannan tarihi, ɗalibai na kishin 'yancin harabarsu, kuma ba kowane mai kaki ke shiga yadda ya ga dama ba. Ba mu zo yanke hukunci kan wannan ba. Abin da muke cewa shi ne, wuta ba ta san wannan tarihi ba. Dole tun cikin kwanciyar hankali a zauna, hukumar jami'a da hukumar kula da rayuwar ɗalibai ta CROU da ƙungiyar ɗalibai da 'yan kwana-kwana, a amince cewa jar mota da motar asibiti ba a tsayar da su a ƙofa, ba a tambayarsu izini, ko ana yajin aiki ko ana zanga-zanga. Kuma wanda ya fi dacewa ya tsaya a tsakani shi ne ma'aikacin da ɗalibai suka sani, wanda suke kira Baba ko Tanti, wanda in ya ce a fita za a fita. Ɗalibai ma suna da nasu tsari na kiyaye oda a tsakaninsu. Ƙarfin da ake tarawa don shirya taro da jerin gwano, in aka ba shi horon ceto na kwana biyu, ba ƙaramin abu zai zama ba.

Muna sane da cewa akwai masifar da ta fi ƙarfin mai gadi. Abin da ya faru a Jami'ar Bayero ta Kano a Afrilu 2012, da wanda ya faru a Jami'ar Garissa ta Kenya ranar 2 ga Afrilu 2015 inda aka kashe mutum 148, aikin jami'an tsaro ne. Amma ko a irin wannan, wanda ya san ƙofar baya, ya san yadda ake ɗaure rauni don tsayar da jini, ya san yawan mutanen da ke cikin kowane gini, shi ne ke rage yawan gawa.

To me muke nema? Ba mu ce a sayo wasu na'urori masu tsada daga Turai ba. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta Nijar, wadda ke aiki tun 1963, tana koyar da agajin farko. 'Yan kwana-kwana da hukumar kare fararen hula suna koyar da kashe wuta. Tsangayar likita tana cikin gida, ɗalibanta na shekarun ƙarshe za su iya koya wa mai gadi yadda ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, dannawa 30 da hura iska sau 2, har taimako ya iso. Sai dai a yi horon da harshen da mutane ke ji. Mun sha ganin allon gargaɗi da Faransanci mai wuya a manne a bango, alhali wanda ke kwana kusa da shi Zabarmanci ko Hausa ko Fulatanci yake ji. A yi da hannu, a kunna wuta a cikin rabin ganga a fili, kowace mai dafa abinci ta riƙe kwalba ta kashe da kanta. A kuma yi shi a lokacin da masu aikin dare za su iya zuwa, domin mun san yadda ake taron horo a ƙasar nan: a otel, da rana, da kuɗin zama, kuma waɗanda ake turawa su ne waɗanda ba za su taɓa kwana a wurin ba.

Abu na biyu ya fi horon wuya, shi ne ba da iko. Dattijon nan maƙwabcinmu da ya ce zai kira shugabansa, ba wauta ce ta sa shi ba. Ya san cewa in ya fasa kwaɗo, ko ya kashe wutar gini gaba ɗaya, ko ya kira 18 sannan aka tarar abin bai kai ba, gobe shi za a tsayar a gaban ofis, ƙila ma a cire kuɗin kwaɗon daga ɗan albashinsa. Da yawan masu gadi da masu shara ma ba ma'aikatan makarantar ba ne kai tsaye, wani kamfani ne ya ɗauke su, kuma ana iya sallamarsu da kalma ɗaya. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai yanke shawara ba, zai jira umarni. Don haka sai an rubuta, shugaba ya sa hannu, an karanta wa kowa a bainar jama'a, cewa duk ma'aikacin da ya ga hayaƙi ko ya ga ran mutum cikin haɗari yana da ikon kiran taimako da fasa ƙofa da kashe wuta ba tare da neman izinin kowa ba, kuma ba za a hukunta shi ba ko da ya yi kuskure. Makullin ƙofar tsira kuma ya kwana a ginin, a hannun wanda ke farke. A ba shi waya mai kuɗi a ciki, a ba shi usur.

Za a ce mana babu kuɗi, cewa jami'ar da ke fama da bashin alawus na ɗalibai da ƙarancin azuzuwa da shekarun karatu masu hawa kan juna ba ta da sararin wannan. Mun ji, kuma ba mu raina waɗannan matsaloli ba. Amma cire sarƙa daga ƙofa nawa ne? Gwajin fita daga gini sau ɗaya a farkon shekara, a busa usur, kowa ya fito ya tsaya inda aka ce, a ƙirga mutane, a ga minti nawa aka ɗauka, nawa zai ci? Abin da ke da tsada a ciki shi ne cika kwalaben kashe wuta da duba su duk shekara, shi ma bai kai kuɗin liyafar bikin yaye ɗalibai ɗaya ba. Wasu kuma za su ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma mai faɗin haka da kansa yana kulle gidansa da dare, yana kuma ɗaure akuyarsa.

Muna da ƙorafi a kan ƙungiyoyin ƙwadago ma. SNECS ta malamai da USN ta ɗalibai sun nuna wa duniya cewa in suka sa abu gaba, sai gwamnati ta saurara. Mun sha karanta sanarwoyinsu a labaran rana, kan albashi da alawus da zaɓen shugabannin jami'a da motocin bas, duk kuwa haƙƙi ne. Muna fatan ranar da za a miƙo mana sanarwa a ɗakin watsa labarai mai cewa ba za a shiga wani gini ba sai an buɗe ƙofarsa ta biyu. Kuma maganar ba ta Yamai kaɗai ba ce. Jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa da aka kafa a 2010, da na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi da suka biyo baya a 2014, da Jami'ar Musulunci ta Sayi, da tarin makarantu masu zaman kansu da ke cikin gidajen haya masu bene da matakala ɗaya a unguwanninmu, duk abin ya shafe su. Na ƙarshen nan ma sun fi ba mu tsoro, domin gidan da aka gina don iyali guda ne ake cusa wa ɗaruruwan ɗalibai, kuma ma'aikatar da ke ba su izinin buɗewa ya kamata ta ƙirga ƙofofi kamar yadda take ƙirga takardun shaidar malamai.

Dattijon namu dai, bayan wancan zama, ya je ya sami mai kula da kaya, ya roƙe shi ya dinga bar masa makullin ƙofar baya in zai tafi gida. Aka ce masa sai an tambayi na sama. Da ya gaji da jira, sai ya sayi ƙaramin zarton yankan ƙarfe da kuɗinsa, jika ɗaya da rabi, yana ajiye shi ƙarƙashin kujerarsa tare da tocila. Ya ce mana ya gwada a gida a kan wata tsohuwar sarƙa, ta ɗauke shi minti shida.